Rana ta Minti Biyu

Shekara arba'in da ɗaya Eilif na neman abinci a bayan teku,
gishiri ya cinye tafinsa, igiyar taru ta bar masa kanta,
ruwa bai taɓa ce masa uffan ba.
Sai bana, a banɗakinmu na Tromsø,
ruwan famfo mai ɗumi, irin na wankan jariri,
ya ɗaura yaƙi da shi.

Ba a cikin wankan ba. Bayansa.
Ya goge jiki, ya zauna bakin gado,
minti biyar, minti goma,
sai abin ya taso daga cinya, ya hau gadon baya,
kamar an kwance buhun cinnaka a ƙarƙashin fata.
Na ɗauko fitila na haska:
ba ƙurji, ba kumburi, ba ko ɗigon ja.
Fata lafiya lau, ƙato yana kuka.

An ce ƙaiƙayi kan koma kan masheƙiya.
To shi me ya sheƙa?

Likita Ragnfrid ta ce laifin ɓargo ne,
masana'antar da ta manta lokacin tashi,
tana ta ƙera jini ba dare ba rana
har ya yi kauri kamar zuma a sanyi.
Suka riƙa ɗibar leda guda.
Yakan kalle ta da idon masunci, ya ce,
"Wannan ai da na mayar da ita ruwa, ba ta kai ba."
Ciwon kai ya tafi. Jan fuska ya sauka.
Ƙaiƙayi ya gyara zama.

Mun sha ƙwayar da ke kawo barci,
(mun, na ce, don ni ma ban runtsa ba)
na zuba garin soda a baho,
na yanke masa farce kowace Lahadi,
na ɗinka masa safar hannu ta auduga.
Wani dare, ƙarfe uku, na shafa gado ba kowa.
Yana baranda, daga shi sai gajeren wando,
yana cusa ƙanƙara a bayansa,
cokali mai yatsu a ɗaya hannun.
Daga nan ya yi kwana tara bai yi wanka ba.
Ban ce komai ba. Na buɗe taga kawai.

Sai ta ce a gwada haske.

A nan, in sanyi ya kama, rana kan yi wata biyu ba ta leƙo ba,
amma a hawa na uku na asibiti
akwai wata a tsare cikin akwati.
Ya tuɓe, ya sa baƙin tabarau, ya shiga a tsaye.
Ranar farko daƙiƙa talatin.
Sau uku a mako, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan,
har ta kai minti biyu.
Duk unguwarmu fuskoki sun koɗe,
shi kaɗai ya yi duhu kamar wanda ya dawo daga kudu.
Maƙwabcinmu Torleif ya tambaye shi kuɗin tikiti.

Likita ba ta yi alkawari ba.
Ta ce ɓargon ba zai tuba ba,
in wannan ta ƙi, akwai wani magani a gaba.

Jiya ne, mako na bakwai,
na ji ƙarar ruwa.
Na zauna a ƙofa da agogo a hannu.
Biyar.
Goma.
Ashirin da biyu.
Ya fito da tawul a wuya, ya ce ko akwai sauran kofi.
Ya sosa gwiwar hannu sau ɗaya,
sau ɗaya tak, kamar kowa.

Na zuba masa ba tare da na ɗago kai ba.
Abin da ya yi barci, ba a kiran sunansa.